Notin Baba Nata'ala

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau aka yi sadakar bakwai ta Naziru direba. Na je na zauna a tabarmar waje, aka miƙo gumba na karɓa, na riƙe ta a hannu har aka shafa fatiha, sannan na ba na kusa da ni. Mahaifiyarsa, Inna Asama'u, ta aiko daga cikin gida a gode wa mutanen gareji, wai tun ranar farko ba mu yi fashi ba. Na ce Allah ya jiƙansa. Bakina ne ya faɗa, ni kamar ina gefe ina kallo.

Littafin nan matata Safara'u ta saya don Islamiyya, ta rubuta shafi biyu ta ajiye. Na ɗauka. Ban san me zan rubuta ba, amma gara takarda da mutum, ita ba ta ɗago kai ta dube ka.

Talata, 7 ga Oktoba, hantsi

Mun buɗe gareji. Baba Nata'ala bai zo ba. Bencinsa yana nan ƙarƙashin darbejiya, tsummansa a rataye a reshe inda ya bar shi.

Shekara tara ina aiki a garejin Alhaji Kolo, nan bakin tashar Tsanyawa. Duk abin da na sani game da mota a hannun Baba Nata'ala na koya, har yadda ake riƙe sifana. Akwai dokar da Alhaji ya gada wurin mahaifinsa tun suna Borno: wanda ya ɗaure taya ba shi ke sallamar mota ba. Sai wani dabam ya zagaya da sifanar taya, ya ɗora ta kan kowane noti, ya taka da ƙafa ya ga ko zai motsa. In ya gama ya daki jikin motar da tafin hannu sau biyu. Direba ko yana gaggawar kai mai naƙuda, ba ya tayar da inji sai ya ji bugun nan biyu.

In Baba ya ɗaure, yawanci ni nake zagayawa. Kowa ya san haka.

Laraba, 8 ga Oktoba, azahar

An jawo bas ɗin da Naziru ya yi hatsari da ita, an ajiye ta bayan gareji. Gefen hagu na gaba babu taya. Ban bi ta wannan gefen ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da yamma

Muhammad Auwal, ɗan Alhaji, ya kira taro. Tun da ya dawo daga karatu a Kano shi ke tafiyar da garejin, Alhaji sai dai ya zauna a kujera da carbi. Mu uku ne muka tsaya a gabansa, ni da Sani mai walda da Ɗanjuma mai wayarin, amma ya yi mana jawabi kamar ya tara ma'aikatan kamfanin siminti.

Ya manna babbar takarda a bango, hannaye huɗu sun riƙe juna, an rubuta TARE MUKE. Ya ce, “Abin da ya faru ya faru. Yanzu timwok muke buƙata, wato aiki tare. Kowa ya ji cewa garejin nan nasa ne. Motibeshan ɗinku ya yi ƙasa, ina gani a fuskokinku.”

Sani ya ce, “Ranka ya daɗe, motibeshan ɗin nan da man ja ake cinsa ko da miya?”

Aka yi dariya kaɗan. Auwal bai ji haushi ba, yaron kirki ne, surutu ne kawai ya yi masa yawa. Ya ce daga yau kowace safiya za mu haɗa hannu a tsakiya mu ce “Tare muke” sau uku kafin mu taɓa ƙarfe. Muka haɗa. Hannun Sani yana warin kabaid. Na faɗa sau uku, ban ji komai ba.

Alhaji daga kujerarsa ya ce, “Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da can haka muke cewa, ba a buga mana a takarda ba.”

Babu wanda ya ambaci benci.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan saukowa daga masallaci

Na hango Baba a sahu na biyu. Da aka fito na so in bi ta ƙofar gabas, sai ga shi a gabana yana neman takalminsa. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, “Khamisu, ya tarin 'yarka Ihsan?”

Na ce da sauƙi, Baba.

“A ba ta zuma da lemon tsami.”

Na ce to. Na ɗauko masa takalmin na ajiye a gabansa. Ya sa ya tafi yana ɗan ɗingisa ƙafar dama. Iyakar abin da muka ce ke nan.

Asabar, 11 ga Oktoba, hantsi

An haɗa hannu. An faɗa sau uku.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

A tasha an gama shari'a ba tare da alƙali ba. Wurin mai shayi na ji. Direbobi suka ce ai kowa ya ga Khamisu ya zagaya ya taka ya buga, saboda haka notin a ɗaure suke. To in a ɗaure suke me ya fitar da taya a kwanar hanyar Bichi? Sai dai in tsofaffin noti ne waɗanda zarensu ya cinye. Wa ya sa su? Tsoho, ido ya tafi, ya tsinto a gwangwani ya maƙala. An tsinci tayar a gonar dawa, notin kuwa sun ɓace a ciyawa, ba wanda zai ce ga su.

Wani ya dafa kafaɗata ya ce, “Kai ka yi naka, Khamisu. Mai dubawa ba ya ganin cikin noti.”

Na shanye shayina na tashi.

Notin sababbi ne. Ni na yage ledarsu da haƙori na miƙa wa Baba.

Litinin, 13 ga Oktoba, da safe

An haɗa hannu. Sani ya ƙara da “Amin”.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan azahar

Na dawo gida cin abinci. Safara'u ta ajiye kwano ta tsaya a kaina.

“Baban Ihsan, me ƙofar nan ta yi maka?”

Na ce wace ƙofa?

“Sau uku ka ɗaure ƙusoshinta tun jiya. Ka ɗaure mariƙin tukunya, ka ɗaure keken Ihsan har ba ya juyawa, yarinya tana ta kuka. Saura ni ka ɗaure.”

Na so in yi dariya, fuskata ta ƙi. Ta zauna a bakin tabarma ta ce in akwai magana in faɗa mata, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma kuma ba rumbu ba ne. Na ce gajiya ce. Ta ce to Allah ya sawwaƙe, ta ɗauke kwanon. Na ci rabi, ban san miyar mene ce ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, da yamma

Direbobi uku sun kai motocinsu garejin tsallaken titi. Ɗaya ya faɗa wa Auwal a fili cewa muddin tsohon nan zai dawo, shi ya bar mu.

Na ji Auwal da Alhaji suna magana a rumfa. Auwal ya ce a bar Baba ya huta, a kai masa buhun gero da turmin shadda, a gode masa. Alhaji ya ce, “Shekara talatin da ɗaya, ban taɓa jin tayar Nata'ala ta fita ba.” Auwal ya ce komai yana da ranar farko, Baba. Alhaji ya ce a bari a ga bayan mako.

Ina ƙarƙashin wata bas ina kwance fulogin mai. Na bar man ya zubo mini har gwiwar hannu.

Alhamis, 16 ga Oktoba, hantsi

Auwal ya zo da sabon abu. Ana baje kolin motoci a birnin Kano, ranar Asabar zai kai mu gaba ɗaya mu buɗe ido, wai mu ga inda sana'armu ta dosa. Ɗanjuma ya tambaya ko ana ba da kyautar mota. Sani ya ce shi a ba shi madubi ɗaya ma ya gode.

Na ce da Baba za a je?

Auwal ya ce tafiyar za ta wahalar da shi.

Asabar, 18 ga Oktoba, dab da magariba

Mun je mun dawo. Zan rubuta tun ban manta ba, ko da yake ban ga alamar zan manta ba.

Mun tashi bayan asuba a motar Auwal. Hanya duk dawa ta sunkuyar da kai, mata suna tsinkar gyaɗa a bakin gonaki. Da muka zo kwanar da tayar ta fita, Auwal ya ƙara muryar rediyo. Akwai inda ciyawa ta kwanta har yanzu ba ta tashi ba. Na duba, na ci gaba da dubawa har muka wuce.

Filin baje kolin ya fi kasuwarmu sau biyar. Rumfuna farare, tutoci, kiɗa daga kowace kusurwa. Motoci a jere kan jan kafet, mutum yana ganin haƙoransa a jikin ƙofa. Akwai wadda aka ɗora a kan faifai tana juyawa ita kaɗai. Akwai mai aiki da lantarki, aka buɗe gabanta Ɗanjuma ya leƙa ya ce, “To ina injin? An sace tun kafin a sayar?” Sani ya shafa fentin wata baƙar jif da bayan hannu, wani mai kwat ya ce a daina taɓawa. Sani ya ce, “Yi haƙuri, gaisawa muke, sana'armu ɗaya da wanda ya fesa ta.” Auwal sai hoto yake ɗaukarmu, yana cewa mu yi murmushi. Na yi. Na ga hoton daga baya, kamar an ce in buɗe baki likita ya duba.

Ni duk motar da muka je, ƙafafunta nake kallo.

Can ƙarshen fili akwai rumfar masu kayan aiki. Sun ɗaga wata mota suna nuna yadda ake sauya taya. Mai yin aikin dattijo ne, gemunsa fari fat, ya kai Baba a shekaru ko ya fi. Ya ɗaure notin biyar da hannunsa, a natse, ka san ya daɗe yana yi. Da ya gama sai ya ja baya ya kira wata injiniya cikin rigar aiki da hijabi, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta zo da wata doguwar sifana mai yin ƙas in noti ya kai inda ake so. Ta ɗora a na farko, ƙas. Na biyu, ƙas. A na uku sifanar ta tafi kusan rabin taƙi kafin ta yi ƙara.

Ta ce, “Baba, wannan bai kai ba.”

A gaban mutane fiye da hamsin ta faɗa. Na ji kunya ta kama ni kamar ni na yi. Na jira in ga fuskarsa ta sauya. Sai ya yi dariya ya juyo wajenmu ya ce, “Kun gani? Shi ya sa ba na yarda da kaina. Shekara arba'in ina wannan aiki, ranar da ta ji nauyina ta ƙi ja, ranar ta cuce ni.”

Mutane suka tafa. Auwal ya ce, “Kun ga timwok!” Ya shiga tambayar kuɗin sifanar.

Ban tafa ba. Na nemi inda zan zauna, babu, sai na tsuguna a gindin wata tuta.

Da azahar Auwal ya saya mana shinkafa da kaza. Muna ci ya miƙe da kwalbar lemo a hannu ya ce yana da albishir. Daga ranar Litinin ta sama ni ne shugaban ma'aikata, bencin ƙarƙashin darbejiya ya zama nawa. Ya ce a duk abin da ya faru ni kaɗai ne na yi aikina yadda doka ta ce, irin wannan ake so a yi koyi da shi. Sani da Ɗanjuma suka ce Allah ya sanya alheri. Na ce amin. Na cinye kazar har ƙashi, don in bakina yana tauna ba wanda zai sa ran in yi magana.

Ga abin da ban rubuta ba tun ranar farko. Shekara tara ina zagaya tayar da Baba ya ɗaure. Ina ɗora sifana, ina ɗora ƙafa a kai, amma ban taɓa sakin nauyina ba. Ko sau ɗaya. Ta yaya zan taka aikin mutumin da ya koya mini, a gaban direbobi, yana zaune yana kallona? In na Sani ne ko na Ɗanjuma har tsalle nake yi a kai. Na Baba kuwa taɓawa ce kawai, sai in daki mota sau biyu. Ranar kasuwar da aka yi hatsarin ma haka na yi. Naziru ya leƙo ta taga ya ce, “Khamisu, a buga mana mu tafi, rana tana yi.” Na buga.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Ban fita ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

Ban je gareji ba, na tafi gonar Baba. Na same shi yana cirar gyaɗa shi kaɗai, a zaune, ya miƙe ƙafar dama. Na gaishe shi na kama kunya ɗaya. Mun yi kusan awa muna cira muna kakkaɓe saiwa.

Sannan na ce, “Baba, ban taka ba.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Na sani.”

Na ce ba ranar kaɗai ba.

“Na sani, Khamisu. Shekara tara ina zaune a benci ina kallon ƙafarka. Kana tsammani ban san bambancin wanda ya taka da wanda ya ɗora ba?” Ya jefa gyaɗar a tsibi. “Daɗi nake ji. In ka ɗora ka ɗauke sai in ce a raina, yaron nan ya san girmana. Kuma gwiwar nan tun bara ba ta danna sifana kamar da. Na sani, ban faɗa wa kowa ba, kada a ce Nata'ala ya tsufa. Kai ka ji kunyata, ni na ji kunyar mutane. Naziru ne ya biya.”

Na ce to me ya sa ya bari ake cewa tsofaffin noti ya sa?

“Ni saura me? Kai kana da 'ya ƙarama. Ka bar shi a kaina, na iya ɗauka.”

Na ce an ba ni bencinsa.

“Ka zauna. Katako ne.”

A nan ne abin ya zo mini. Kwana ashirin ban yi kuka ba, ko a maƙabarta. Na kifa kai a kan kunyar gyaɗa na yi ta yi kamar ƙaramin yaro. Baba bai hana ni ba, bai kuma lallashe ni ba, ya ci gaba da cira. Da na yi shiru ya miƙo mini butarsa ya ce in wanke fuska, kada in shiga gari haka.

Talata, 21 ga Oktoba, hantsi

Da aka miƙo hannuwa tsakiya ban sa nawa ba. Na ce ina da magana, kuma ina so Alhaji ya ji. Direbobi biyu suna wurin, Auwal ya ce mu shiga rumfa, na ce a'a, a nan, tun da a tasha aka ɓata sunan Baba.

Na faɗa duka. Notin, ledar, ƙafar, shekara tara.

Sani ya sunkuyar da kai ya ce, “Wallahi ni ma in na Baba ne ba na dannawa.” Ɗanjuma bai dubi kowa ba.

Auwal ya dubi takardarsa ta bango ya dubi mahaifinsa. Alhaji ya ajiye carbi ya ce, “Mahaifina bai ce a taka na yara a bar na manya ba.” Ya ce zancen shugabanci a ajiye shi. Ya ce in ɗauki babur ɗinsa in je in faɗa wa Nata'ala yana nemansa gobe, in kuma ya ƙi, shi zai je da kansa.

Talata, bayan la'asar

Na je gidan Inna Asama'u. Na faɗa mata daga bakin zaure. Abin da ta ce ba zan rubuta ba. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 23 ga Oktoba, azahar

Baba ya dawo jiya, ya zauna a benci bai taɓa komai ba. Mota ɗaya ce ta shigo duk yinin. A tasha wasu ba sa amsa gaisuwata yanzu. Haka ya kamata.

Yau da safe wata bas mai zuwa Kano ta shigo da faci a tayar baya. Direban ya tsaya yana waige-waige, kamar zai juya. Baba ya tashi ya ciro tsummansa daga reshe ya ce a kawo jak. Ya cire, aka yi faci, ya mayar, ya ɗaure notin ɗaya bayan ɗaya. Fasinjoji sun sauko sun tsaya a inuwa, masu shayi ma sun matso. Da ya gama ya miƙo mini sifanar da hannunsa, ya tsaya a kaina bai koma benci ba.

Na ɗora a na farko. Na saki nauyina duka, bai motsa ba. Na biyu bai motsa ba, na uku ma haka. A na huɗu sifanar ta yi ƙasa da ni, notin ya yi ƙara, kowa ya ji.

Na kasa ɗago kai.

Baba ya ce, “Saura ɗaya. In ka gama ka sake zagayowa daga farko.”

Na sake zagayowa. Sannan na daki motar sau biyu, ta tafi.